Tukunyar Gumi da Gonar Baffa Manu

Duk yarinyar da ta shigo gidan nan neman koyon gumi, maganarta ta farko ɗaya ce: "Yaya Luba, ai dahwa shinkahwa ne, ko?" To, ba dafa shinkafa ba ne. Mai son dafa shinkafa ta koma madafin uwarta. Na gaji da maimaita wannan bayani a bakin murhu hayaƙi yana cika mini ido, shi ya sa na zauna na rubuta shi. Wadda ta zo in miƙa mata ta karanta. In ta ga za ta iya, ta ɗaura zane ta kama aiki. In ba za ta iya ba, ƙofar da ta shigo ba a rufe take ba.

Gumi shi ne a ɗauki shanshera, wato shinkafa a cikin ɓawonta kamar yadda ta baro gona, a wanke, a jiƙa, a turara, a shanya, sannan a kai inji ya cashe. Turarawar nan ita ke ɗaure ƙwayar ta yi tauri, ta fito daga inji a miƙe ba ta karye ba, ta dahu wara-wara, ta daɗe a buhu ƙwaro bai dame ta ba. Ita ce kuma ke ba ta launin nan na ƙasa-ƙasa da wasu ke yatsina fuska in sun gani. Ku riƙe maganar launin nan, za mu dawo kanta.

Da na gama sakandare na zauna jiran abin da bai zo ba, sai mahaifina ya ce in tafi wurin ƙanwarsa, Gwaggo Kulu, a nan Birnin Kebbi, in koyi abin da zai riƙe ni. Aikin farko da ta ba ni wanki ne. Ta nuna mini daro da buhun shanshera, ta koma bakin wutarta. Na zuba ruwa, na kwashe ƙaiƙayin da ya taso sama, na tsiyaye, na ce na gama. Ta taso daga bakin wutar. Ta zo ta nutsa hannu har gwiwa, ta laluba gindin daron, ta ɗebo yashi da tsakuwa, ta kama tafin hannuna ta zuba mini.

"Haƙorin wa ki ka son hwasawa?" in ji ta. "In na mijinki ne, ki bari sai kin samai."

Ranar na wanke buhun nan har yatsuna suka yi fari suka tattare. A nan na koyi cewa tsakuwa ɗaya tak ta isa ta raba mai gumi da gida guda. Maigida ya tauna ta a gaban baƙo, gobe ya hana a sayi 'yar gida, kuma ba zai ce shinkafar Kulu ce ta ɓata ba, cewa zai yi shinkafar Kebbi duk haka take.

Bayan wanki sai jiƙo. Ana ɗora ruwa ya yi zafin da hannu ba zai iya zama a ciki ba, amma bai tafasa ba, a zuba shanshera, a janye wuta, a bar ta ta kwana. Ruwan ya shige ta har tsakiya. In an tsame da wuri, cikinta bai sha ba. In an bar ta ta wuce lokaci, sai ta yi tsami, kuma warin nan ko an cashe, ko an dafa da man shanu, ba ya fita. Hanci ake koya a wannan mataki, ba ido ba.

Turarawa ita ce sana'ar. Yankakken duro muke amfani da shi, ruwa kaɗan a gindi, faranti mai huje-huje a sama da ruwan don kada shinkafar ta taɓa shi, sai a cika, a rufe da buhun algarara. Tururi ne zai yi aikin. Alama biyu ake jira: tururin ya ratso buhun ta ko'ina, ba ta gefe ɗaya ba, sannan a ɗaga buhun a ga ɓawon ya tsage. Mu muna cewa ta buɗe baki. Ba a sauke tukunya sai ta buɗe baki. Gwaggo ta faɗa mini wannan a makon farko, ta kuma maimaita shi har na fara jin sa a barci.

Shanya kuma a kan tamfol, ba a kan kwalta ba, ba a kan ƙasa ba. A baza da manjagara, a riƙa juyawa, ido ɗaya a kan kaji da awakin maƙwabta, ɗaya a sama ko hadari zai taso. Kuma ba a barin rana ta gama aikin. In ta sha iska ta fara ƙarfi sai a ja ta inuwa ta ƙarasa bushewa a hankali, don zafin rana yana tsatstsaga ƙwaya tun tana cikin ɓawo, ba mai gani sai an je inji. In ana son a san ta yi, a ɗauki ƙwaya a gatsa. In ta ce ƙas, ta yi.

Lokacin da na zo, itace muke ƙonawa, kuma ba kaɗan ba. Gwaggo ta ce tana yarinya bayan gari kawai ake fita a samo kirya da marke. A zamanina masu amalanke sai su yi doguwar tafiya su dawo da ɗanyen reshe da saiwar da aka tono. Da itacen ya gagare mu, muka koma buntu, wato ɓawon da inji ke fitarwa, wanda a da ake tarawa bayan inji kamar tudu a cinna masa wuta a banza. Ana danƙara shi a duro a bar rami a tsakiya, ya ci a hankali. Ya fi itace wahalar kunnawa, ya fi shi shaƙe mutum, amma ba a sare komai ba kafin a same shi. Tokarsa masu albasa ke zuwa su kwashe. Dusar da ta fita masu kiwon raguna ke jira. Gutsattsarin da muka tankaɗe na masu dambu ne. Bambaro, wato karan shinkafar da aka baro a gona, na shanun Fulani ne, su ci su bar kashi. Buhun shanshera ɗaya, in ka bi sawunsa, ba abin da ya tafi bola.

Yanzu ku dubi ɗayar, shinkafar waje. Malaminmu na labarin ƙasa yana da wata tsohuwar taswira da yake ratayawa a allo, a lokacin ban ga amfaninta ba. Ranar da na fara karanta rubutun jikin buhun shinkafar waje na ga sunan ƙasar da ta noma ta, sai taswirar ta faɗo mini a rai. Ƙasar tana can gefen takardar, wajen da ƙusa ta yaga. Jirgin ruwa ya ɗauko ta yana ƙona mai a kan teku mako da makonni, aka sauke a gaɓar wata ƙasa, tirela ta jawo ta arewa, kwale-kwale ya ƙetare kogi da ita, babur ya ƙaraso da ita, duk don a kawo shinkafa garin da in ka hau katanga kana hango gonar shinkafa. Ban san yadda ake auna hayaƙi ba, ba zan yi muku ƙaryar lissafi ba. Abin da na sani, buntunta bai zo ba, dusarta ba ta zo ba, bambaronta bai zo ba. Ragon wata ƙasa ya ci dusar, gonar wata ƙasa ta sha tokar. Abin da ya iso mu ƙwaya ce da buhun leda. Buhun kuwa in rana ta cinye shi sai ya zama zare-zare, ruwan sama ya kwashe shi zuwa gulbi. Matan masunta a Argungu, inda nake sayen shanshera yanzu, sun sha nuna mini shi a nannaɗe cikin komar kamun kifi.

Kada wadda ta karanta wannan ta ce Luba ta ce mu tsarkaka ne. Injin ban-ruwa fetur yake sha. Itacen da muka ƙona shekara da shekaru ba zai dawo ba. Amma ɓarnarmu a gabanmu take, muna ganin ta, muna iya ragewa. Ta jirgi ba mai ganin ta, shi ya sa ake ce mata araha.

Wannan duk magana ce. Abin da ya sa na daina ɗaukar ta a matsayin magana kawai, gonar Baffa Manu ce.

Baffa Manu yayan mahaifina ne, yayan Gwaggo Kulu. Gonarsa tana bakin fadama in an wuce Ambursa, kusa da hanya, gadon kakanmu. Da damina ruwan gulbi yakan shigo ya bazu a kanta ya kwanta, ƙananan kifaye su biyo shi, in ya janye ya bar laka baƙa mai santsi. Da rani Baffa ya ja ruwa da inji ya sake nomawa. Yana da wani iri nasa da yake ajiyewa duk shekara, gajeruwa, mai ƙamshi in tana kan wuta. Ba ta da wani suna sai "ta Manu". Akwai gidajen da in sun aiko, da wannan sunan suke aikowa.

In na ce muguwar shekara, yara sukan ɗauka shekarar ambaliya nake nufi. A'a. Ambaliya mun san ta. Ta ci gona, a yi jaje, ruwa ya janye, a sake shuka. Muguwar shekararmu shekarar albarka ce. Shinkafa ta yi kyau a duk fadamar, manoma sun zuba taki da fetur da tsadarsu, ana cikin yanka sai shinkafar waje ta cika kasuwa, ta kuma sauko har ta kusa taɓa 'yar gida. Wanda a da sai da Salla yake ganin ta, yanzu yana auna ta a kwano.

Wata safiya mota ta tsaya a ƙofar gidan nan, Baffa ya sauko daga gaba, aka fara shigo da buhuna. A al'ada kaɗan yake kawo mana, sauran ya sayar wa dillalan manyan injuna. Ranar aka yi ta shigowa da su har suka tokare zaure.

"Kulu, ga ta nan duka," ya ce. "Ban rage ba sai iri da ɗan na bakin yara."

"Duka, Yaya? Ina dillalan?"

"Sun taya. Abin da sunka taya ko takin da na zuba bai biya ba."

Na kawo masa ruwa. Ya sha, ya riƙe kwanon a hannu bai ajiye ba, sannan ya faɗi sauran. Akwai wani mai tifofi da yake zarya gidansa. Birni yana ta gini, ana neman ƙasar ciko, gonar kuma tana inda tifa za ta iya shiga. Maƙwabcinsa na gabas ya riga ya sayar.

"Ba noma shi ka so ba, ƙasar shi ka so," in ji Baffa. "Na ce mai shi dakata sai lokacin zuba iri. In wagga ta hita, in sayi hwetur da taki in koma gona, in ce mai Allah shi ba shi wata. In ba ta hita ba..."

Bai ƙarasa ba, ba kuma wanda ya nemi ya ƙarasa.

Mutum ɗaya muka sani da za ta iya kwashe kaya mai yawa haka lokaci guda, Hajiya Balki mai girkin biki. Ta daɗe tana saye a wurin Gwaggo, amma kwana biyu ba ta aiko ba. Muka shirya muka je. Muna shiga tsakar gidanta muka ga dalili, buhunan waje a jere jikin bango, ɗinkinsu ko warware shi ba a yi ba.

"Kulu, ke ma kin san ba ƙin ki ni ka yi ba," in ji Hajiya bayan gaisuwa. "Taki ta hi daɗi, ta hi auki. Amma uwar biki ba daɗi ta ka saye ba, ido ta ka saye. A buɗe kula gaban dangin ango a ga ta yi ja, sai su ce an raina su, an ba su 'yar gida."

Na ce, "Hajiya, su dangin angon daga teku sunka hito?"

Gwaggo ta take mini ƙafa. Hajiya ta yi dariya ta ce bakin yarinyar nan zai hana ta miji. Sannan ta ɗebo ta wajen a tafin hannu ta miƙa wa Gwaggo.

"Bukukuwa na jere gare ni bayan Salla. In kin iya hidda min ita hwara tas kamar wagga, in kwashe duka. Amma da wuri, Kulu."

Ba muguwar mata ba ce. Abin da ake nema a wurinta ta nema a wurinmu.

Da muka kusa gida Gwaggo ta juyo gare ni. Ta ce akwai hanya. A rage jiƙo, a rage turarawa, don tururi ne ke sa launi, sannan a sa inji ya goge ta sau biyu. Na ce za ta karye. Ta ce ta san halin shinkafa tun ba a haife ni ba, kuma gaskiya ta faɗa. Ba ta yi garaje ba. Ta gwada da 'yar tukunya, ta shanya a faifai a inuwar ɗakinta, ta zuba a turmi ta surfa da hannunta. Ta fito da haske, ƙwayar a miƙe, karyayyar kaɗan ce. Na kai wa Hajiya a ƙulle a gefen gyale. Ta duba, ta ce haka take so.

A nan kuskuren yake, kuma irin wanda sai gwana ce za ta yi shi. Hannun Gwaggo a kan taɓarya yana jin ƙwaya, in ta yi rauni ya sassauta ba tare da ita kanta ta sani ba. Inji ba ya sassautawa. Faifai guda kuma yana samun inuwa, amma kayan gona guda da ake sauri da su, ina inuwar da za ta ɗauke su?

Muka ari duro a maƙwabta, muka kunna murhu ko'ina a tsakar gida. Ni ce a bakin wuta. Tukunyar farko tururi ya fara fitowa ta gefe, Gwaggo ta ce in sauke. Na ɗaga buhun algarara na duba.

"Gwaggo, ba ta buɗe baki ba."

"Na gani. Sauke."

"Ke kinka ce ba a..."

"Luba, gonar ubana ce. Sauke."

Na sauke. Haka muka yi da ta biyu, da duk waɗanda suka biyo baya. Muka baza a tamfol a fili, rana tana dukan ta tun hantsi har la'asar, don kwanakin Hajiya suna matsowa, kwanakin zuba iri kuma suna matsowa. Da ta bushe, kyakkyawa ce a ido. Na ɓare ƙwaya ɗaya da farce na ga haske, har na fara tunanin ko ni ce mai taurin kai.

Malam Bello mai inji ya san kayanmu, ba ya ko dubawa. Ya juye buhun farko ya tada inji. Tun kafin in ga komai na ji ƙarar ta sauya. Gumi mai kyau in yana zuba a daro ƙararsa kamar ruwan sama a kwano take. Wannan kuwa shuu kawai take yi, kamar yashi. Malam Bello ya kashe injin, ya ɗebo a hannu ya juyo.

"Hajiya Kulu, wa yay yi miki wanga gumi?"

"Ni."

Ya dube ta. Ya sassauta injin ya sake gwadawa. Ya ɗauko daga wani buhun ya gwada. Duk ɗaya. Ƙwaya ta rabu biyu, ta rabu uku, sauran gari. Ko gugar farko ba ta jure ba, balle ta biyu. Gwaggo ta ce a tsaya, a mai da sauran gida za ta surfa a turmi ko da za ta shekara. Muka mai da. Ta surfa, ta karye a turmin ma, don rana ta riga ta tsatstsaga ta a cikin ɓawo. Ba a sake turara abin da ya tsage ya haɗe. Gwaggo ta jingina taɓarya, ta zauna a bakin turmin, ta daɗe tana kallon hannuwanta.

Hajiya Balki ta zo da kanta, ta duba, ta yi salati a hankali. Ba a yin dafa-dukan biki da gutsattsari. Ta ɗauki kaɗan don kunya, ta ce za ta yi dambu. Sauran muka koma sayarwa kwano-kwano ga masu dambu da masu fate, a farashin abin da a da muke ba su gyara. Kayan da ya kamata ya fita a mako ya kwashe watanni.

Baffa bai jira aike ba. Ya zo a kan babur ranar wata kasuwa, ya zauna inda ya saba zama. Gwaggo ta ɗebo a ƙoƙo ta ajiye a gabansa, ta durƙusa. Ya sa yatsu ya motsa, ya ɗaga ya bar ta ta zube.

"Ta yi haske kuwa," ya ce.

Ya nemi buta, ya yi la'asar a zaure, ya yi mana sallama. Daga ranar har yau ban taɓa jin ya ɗora wa Gwaggo laifi ba, ko a gabanta ko a bayanta. Da ya zage ta, ina jin da ya fi mata sauƙi.

Lokacin zuba iri ya zo ya wuce. Maƙwabtan da suka samu hali suka tada injunansu, gonar Baffa tana kwance. Kafin damina Baffa ya sayar, tifofi suka shiga.

Sau ɗaya na je na gani, ban ƙara ba. Sun kwashe baƙar lakar nan da gulbi ya yi zamanai yana ajiyewa, sun wuce ta, sun kai ga jar ƙasa, sun ci gaba har inda in mutum ya tsaya a ciki ba a ganin kansa. Da suka gama suka matsa gaba. Yanzu ruwa ne a ciki, kore, ba ya shiga ba ya fita. Ba kifi, sai sauro. Gefensa yana zaizayewa duk damina yana cin kunyar gonar da ke yamma, mai ita ma ya fara sauraron masu tifa. Makiyaya sun sauya hanya don kada saniya ta faɗa. Iska tana tara leda a kusurwa ɗaya, a ciki har da buhunan shinkafa, rubutun jikinsu bai gama gogewa ba.

Irin da Baffa ya ajiye ya ba wani maƙwabci. Shi kuma ya shuka ta haɗe da nasa, shekara ta zagayo ta ɓace a cikinsu. Baffa yanzu yana zama a rumfar wani ɗan'uwanmu mai albasa, yana taya shi tsaro. Mutumin da bai taɓa sayen shinkafa ba tun da aka haife shi, yanzu a kwano ake auna masa. In ya shigo birni yakan biyo nan. Ya tsuguna a bakin tamfol, ya ɗauki ƙwayar shinkafar wani manomin da bai sani ba, ya gatsa, ya ce, "Wagga ta so ƙarin inuwa." Ba mai tambayarsa. Nakan ce to, Baffa, in ja ta inuwa.

Ba zan ce da gumin ya yi kyau lalle gonar ta tsira ba. Wataƙila da shekara mai zuwa ta ci ta. Amma da mun yi shi yadda muka iya, da launinsa, da ko a hankali ne ya fita da darajarsa, gidajen da ke aikowa da sunan Manu ba duka suka gudu ba. Mun bar abin da muka iya, mun bi kamannin abin da aka yi a wata duniya da wasu injuna, muka rasa duka biyun.

Ba a daɗe ba abin ya juya. Shinkafar waje ta sake hawa, ta wuce inda ta baro. 'Yan rediyo sun yi ta bayanin dalili, ban tsaya saurare ba, ina da wuta a murhu. Masu saye suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kowa da fuskar wanda bai taɓa tafiya ba. A lokacin idon Gwaggo ya yi rauni, hayaƙin shekaru ya gama da shi, aikin ya dawo hannuna, ita tana zaune a tabarma tana jin ƙamshi tana gyara mini.

Wata rana da hantsi sai ga Hajiya Balki. Aka gaisa, aka tambayi jikoki. Ta ce yanzu mutane sun waye, har uwar biki da kanta ke cewa a yi mata da 'yar gida.

"Kulu, irin ta Manu ni ka so, mai ƙamshin nan. Ko ta yi ja ba komi."

Gwaggo ta juya fuska wajen muryar.

"Ki hau babur ki tahi Ambursa," ta ce. "In kin wuce gari kaɗan ki dubi hannun hagu, za ki ga rami da ruwa kore. Nan ta ke."

Hajiya ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na haɗiye abin da ya zo bakina, kuma wanda ya san ni ya san ba halina ba ne. Na tashi na auna mata ta Argungu, mai kyau ce, ba tsakuwa, aka ɗora mata a keke ta tafi.

Farashi ya sauka, ya hau, zai kuma sake sauka wata rana, jirgin bai daina tafiya ba. Ramin bai san da wannan ba. Shi yana nan yadda aka bar shi.

Saboda haka ke da kika zo koyo, ga abin da nake so ki ɗauka kafin ki taɓa mini duro. Shinkafar da ke cikin tukunyarki ba taki ba ce ke kaɗai, akwai gonar wani a bayanta, kuma akwai mai tifa a bayan gonar yana jira. Wata rana wata za ta tsaya a kanki ta ce sauke. Wataƙila mai saye ce, wataƙila ta girme ki, wataƙila ni ce. Ki ɗaga buhun ki duba. In ba ta buɗe baki ba, ki mai da buhun ki ƙara wuta.